Kifin kogin Bot da ƙa'idar kashi 30 cikin 100: ina ake killacewa, kuma don wa?

A watan Disamba na 2022, a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare nau'o'in halittu suka tsai da wani buri: kafin shekarar 2030 a killace aƙalla kashi 30 cikin 100 na tudu da ruwayen cikin ƙasa, da kuma kashi 30 na teku da gaɓarta. Nijar na cikin waɗannan ƙasashe. Tun daga lokacin adadin ya zauna a bakin ƴan jarida da ma'aikatan muhalli, kuma yadda wa'adin ke matsowa haka tambayoyi ke yawaita. Masunci a Gidimuni na son ya san ko wata rana za a ce ya naɗe komarsa. Makiyayi a wajen Tasker na tunanin rijiyoyi da makiyaya. Mai karatu a cikin gari kuwa, in ya ji an sa wani kifin da ba a ci ba a sayarwa cikin jerin halittun da ke gab da ɓacewa, sai ya ce to mene ne abin damuwa a nan?

Tambayoyin nan duk wuri ɗaya suka dosa: shin faɗin filin da aka killace ne ke kare halitta, ko dacewar wurin da aka zaɓa? Akwai wani ɗan kifi a kudancin Afirka wanda yanayin rayuwarsa ke warware wannan batu dalla-dalla. Tsakanin Damagaram da teku mafi kusa akwai wajen kilomita 1,000, kuma kifin ba zai taɓa sauka a kasuwar Dole ba. Duk da haka, abin da aka gano game da shi ya shafi yadda ake shata iyakar gandun daji da yadda ake tafiyar da tabkunan jaharmu.

## Wane kifi ne?

Mutanen Afirka ta Kudu na kiransa kilipfis, wato kifin dutse a harshen Afirkans. Ba nau'i ɗaya ba ne, dangi ne guda wanda masana ke kira Clinidae. Ana samun ƴan'uwansa a Ostireliya da gaɓar nahiyar Amurka, har da nau'i ɗaya a Bahar Rum, amma kudancin Afirka na da wajen nau'i 40 da ba a samunsu ko'ina sai can, daga gaɓar Namibiya har zuwa wajen Mozambik.

Yawancinsu ƙanana ne, santimita 10 zuwa 15. Wanda aka fi sani a cikinsu, Clinus superciliosus, wanda masanin nan ɗan Suwidin Linnaeus ya raɗa wa suna tun 1758, yakan kai santimita 30. Jikinsu dogo ne mai santsi, da layin ƙaya a gadon baya tun daga ƙeya har gindin wutsiya, kuma da yawansu na da ɗan tuntu a saman ido. A ƙarƙashin maƙogwaro akwai wasu ƴan siraran sanduna biyu da kifin ke dogarawa da su in ya sauka kan dutse. Ba shi da jakar iskar da ke riƙe sauran kifaye a tsakiyar ruwa, saboda haka rayuwarsa a ƙasa take: ya lafe, ya zabura taku kaɗan, ya sake lafewa. Launinsa na bin ciyawar da yake ciki. Nau'i ɗaya sai a same shi kore a nan, ja a can, ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo a gaba kaɗan. Wannan rikiɗar launi ta daɗe tana rikita masana kansu. Sai a 2012, da aka haɗa duban jiki da gwajin ƙwayoyin gado, aka tabbatar cewa abin da ake ɗauka Clinus superciliosus ne kaɗai ashe nau'o'i da dama ne masu kama da juna, har biyu daga ciki ba a taɓa yi musu suna ba.

Mazauninsa na buƙatar bayani ga wanda bai zauna bakin teku ba. Saboda jan da wata ke yi wa ruwa, teku na cikowa ta janye sau biyu a kowace rana, kuma cikar da janyewar sun fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. A gaɓar Afirka ta Kudu bambancin kan kai wajen mita 2. In ruwan ya janye sai ya bar kududdufai a kwarmin duwatsu, kamar yadda ruwan sama ke kwanciya a ramukan duwatsun Birni bayan an ɗauke, illa dai waɗannan teku na dawowa ta shafe su bayan ƴan sa'o'i. Zama a ciki ba sauƙi. Rana na dafa ruwan, gishirinsa na ƙaruwa, ruwan sama na iya tsinka shi, sannan igiya ta dawo ta yi ta dukan dutsen. A yammaci da kudancin gaɓar, kifayen dutse ne suka fi kowane kifi yawa a irin waɗannan kududdufai. Suna cin ƙananan ƙwarin ruwa dangin jatan lande, da ƴan ƙaguwa, da tsutsotsi, da ƙananan dodon koɗi. Su kuma zalɓe da sauran tsuntsayen ruwa da manyan kifaye ke cinsu. Wato su ne gadar da ƙananan halittun cikin ciyawa ke bi su zama abincin manya.

## Kifin da ke haihuwa

A nan ne asalin maganar take. Mafi yawan kifayen teku ƙwai suke zubawa a ruwa, dubbai ko miliyoyi, namiji ya bi ya zuba nasa ruwan a kai. Ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama ɗan tsito wanda ido ke gani da ƙyar, ruwa ya yi ta yawo da shi makonni kafin ya sauka wani wuri, wataƙila kilomita ɗaruruwa daga inda uwarsa take. Kusan duka mutuwa suke, amma kaɗan ɗin da suka tsira sun isa su cike gurbi. Amfanin wannan tsari shi ne, in aka ƙarar da kifin wani yanki, ruwa na iya kawo iri daga wani yankin.

Kifayen dutse na kudancin Afirka ba haka suke ba. Namijin na da gaɓar saduwa, ƙwan na haɗuwa a cikin jikin macen, ƴaƴan kuma na girma a cikinta suna samun abinci daga jikinta har su yi kamannin kifi sosai, wajen santimita 2, sannan ta haife su da rai. Binciken da W. J. Veith ya yi kan Clinus superciliosus wajen ƙarshen shekarun 1970 ya nuna wani abin da ya fi wannan: mace ɗaya na ɗauke da ƴaƴa rukuni-rukuni masu girma daban-daban a lokaci guda, wasu na gab da fita, wasu yanzu suka fara. Ba ta jira ta sauke wani ciki kafin ta ɗauki wani. Ƴan'uwansu na Ostireliya su ma haihuwa suke yi, alhali na Amurka da na Bahar Rum ƙwai suke sakawa cikin ciyawa namiji ya yi gadi.

Ribar haihuwa a bayyane take. Ɗan da aka haifa da idonsa da bakinsa da ƙarfin iyo ya fi ƙwan da ke yawo a teku damar tsira, kuma a gaɓar da igiya ke da ƙarfi, wanda ya iya kama dutse tun ranar farko ba a tafi da shi. Sai dai akwai abin da aka bayar a madadin haka. Ƴaƴan ba su da yawa idan aka gwada da masu zuba ƙwai, kuma ba sa nisa. Inda uwa take, nan kusa ɗa zai tashi, nan jika zai tashi. Tsawon rairayi na kilomita masu yawa inda babu dutse, ko bakin babban kogi, na iya zame musu katanga. Idan malalar mai ko ruwan masana'anta ko aikin gini ya shafe su daga wani yanki, babu wata runduna ta ƴan tsito da ke tafe daga nesa ta maye gurbinsu, sai dai a jira maƙwabta su matso kaɗan-kaɗan.

## Gaɓa ɗaya, ruwa biyu

Gaɓar Afirka ta Kudu ta kai wajen kilomita 3,000, kuma ruwa iri biyu ke wanke ta. Ta yamma, a Tekun Atilantika, kwararar Bengela mai sanyi ce ke tafiya arewa, tana tasowa da abinci daga ƙarƙashin teku, shi ya sa dogayen ciyayin teku ke yin kurmi a wajen. Ta gabas, a Tekun Indiya, kwararar Agulas mai ɗumi ce ke gangarowa kudu. Kifayen dutse sun fi son sanyi da tsaka-tsaki. Yawan nau'o'insu ya fi taruwa a kudu maso yamma, yana raguwa in an nufi lardin KwaZulu-Natal da ke gabas, inda wasu dangin kifaye na ruwan zafi ke karɓe kududdufan.

A 2008, Sophie von der Heyden ta Jami'ar Stellenbosch da abokan aikinta suka fitar da sakamakon gwajin ƙwayoyin gado na wani nau'in mai gajeren hanci, Clinus cottoides, wanda suka tattaro daga wurare daban-daban na gaɓar. A ido kifi ɗaya ne. A gado kuwa sai aka ga ya rabu gida-gida, kuma rabuwar ta fi fitowa tsakanin kifayen gaɓar gabas da na sauran wurare, sai kuma a wajen tsinin Agulas da ke gaɓar kudu, inda yanayin ruwa ke sauyawa. An kuma ga cewa ɗan cuɗanyar da ke tsakaninsu ba daidai take ta kowane gefe ba, ta fi bin inda ruwa ya nufa. Ma'anar wannan ga mai shata iyaka ita ce: in ya killace wani yanki a gabas, komai girmansa, bai kare gidan yamma ba, domin na gabas ba za su je su raya shi ba. Irin wannan kifi ya fi amfana da wurare da dama, ko da ƙanana ne, a jere kusa da juna, kowane gida da nasa.

## Bakin kogin Bot: a fasa ko a bari?

Akwai nau'i guda da ya kai wannan hali matuƙa. Sunansa Clinus spatulatus, kuma B. A. Bennett ne ya bayyana shi ga masana a 1983. Bai kai santimita 20 ba. Ya bar teku gaba ɗaya ya koma zama a bakin kogi, inda ruwan daɗi da na gishiri ke gauraya, kuma duk duniya ba a san shi ko'ina ba sai a bakin kogin Bot da na Kleinmond da ke haɗe da shi, da kuma bakin kogin Klein kusa da garin Hermanus. Duk wuraren nan ba su fi tafiyar kilomita ƴan gommai tsakaninsu ba, gabas da birnin Kef Tawun. Gwajin gado ya nuna ɗan'uwan Clinus superciliosus ne na kusa, kuma a lissafin tarihin halittu rabuwarsu ba ta daɗe ba. Ƙungiyar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar ɓacewa. Dalilin ba wai ana kama shi ba ne. Duk abin da ya mallaka a duniya bai wuce tabkuna biyu ko uku ba.

Kogin Bot gajere ne, kuma kafin ya shiga teku yana buɗewa ya zama tabki mai tsawon wajen kilomita 7, marar zurfi. Mafi yawan lokaci tudun rairayi ne ya toshe bakinsa. A can ruwan sama da sanyi yake zuwa, daga Mayu zuwa Agusta. In tabkin ya cika, maimakon ya ɓalle rairayin da kansa sai ya malala ta wani fadama ya fita ta bakin Kleinmond. Sakamakon haka gishirin da ke ciki na ta raguwa shekara bayan shekara, kuma ƙananan kifayen teku ba su da ƙofar shiga, manyan da ke ciki ba su da ta fita su je su hayayyafa. Ruwan teku na ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita. A watan Oktoba na 1981, bayan bakin ya yi shekaru a rufe, gishirin tabkin ya faɗi ƙasa ƙwarai har dubban kifayen teku suka mutu. Mutanen wurin sun daɗe suna fasa rairayin da hannunsu in sun ga an kai haka, daga baya kuma aka koma yi da mota mai haƙa. Gardamar da ta taso, wadda masana suka tattauna sosai a tsakiyar shekarun 1980, ita ce ko ya kamata a ci gaba da fasawa.

Masu cewa a fasa, waɗanda suka haɗa da masunta na garin Hawston da masana kifi da dama, hujjarsu ita ce bakin kogi gidan reno ne. Kifayen teku masu daraja a kasuwa na shigowa suna ƙanana, su girma cikin kwanciyar hankali, su koma teku. In aka bar bakin a rufe, wurin zai rikiɗe ya zama tabkin ruwan daɗi, masunta su rasa abin kamawa, gaɓar teku ta rasa wani sashe na irin da take samu. Masu cewa a bari, waɗanda suka haɗa da masu kula da tsuntsaye da masu amfani da tabkin don kwale-kwale, su ma suna da abin riƙewa. Ranar da aka fasa, ruwan na zubewa cikin sa'o'i, babban sashe na gindin tabkin ya fito fili, ciyawar ƙarƙashin ruwa ta bushe, dubban tsuntsayen da ke rayuwa a kanta su tashi su bar wurin, kuma sai an ɗauki lokaci kafin ta dawo.

Kifin Bot na tsakiyar wannan ja-in-ja. A cikin ciyawar nan yake kwana yake kiwo yake haihuwa, don haka fasawa na rage masa mazauni nan take, wani ma ruwa ya yi waje da shi. Amma kuma asalinsa na teku ne, kuma tabkin da ya zama na ruwan daɗi zalla ba shi ne wurin da ya samar da shi ba. Abin da ya fi masa illa shi ne a zarce ta kowane gefe: a riƙa fasawa kowace shekara ciyawa ba ta farfaɗo ba, ko a rufe har abada. Matsayar da hukumomi suka cimma ita ce ta gindaya sharuɗɗa: ba a fasawa sai ruwan ya kai wani tsawo, ko gishirin ya faɗi ƙasa da wani mizani, kuma sai a lokacin da ya dace da shigowar ƙananan kifaye. Ba wanda ya samu duk abin da yake so, amma an mayar da magana daga ra'ayi zuwa awo, kuma wannan ci gaba ne. A 2017 aka sa tabkin Bot da Kleinmond cikin jerin Ramsar, wato dausayoyi masu muhimmanci ga duniya. Hakan bai kawar da sauran matsaloli ba: jan ruwan kogin daga sama don gonaki, baƙin itatuwa masu shan ruwa, gine-gine a gefen tabki, da kalli da ake kafawa a ɓoye.

## Abin da adadi ke nunawa da abin da yake ɓoyewa

A 2019 Afirka ta Kudu ta ayyana sabbin wuraren killacewa 20 a tekunta, abin da ya ɗaga kason da aka kare daga ƙasa da kashi 1 zuwa wajen kashi 5 cikin 100. Babban mataki ne, kuma ya kare tsaunuka da kwazazzabai na ƙarƙashin teku da a da ba su da kariya ko kaɗan. Sai dai da yawa daga sabbin wuraren can cikin teku suke, nesa da gaɓa. Kifin da duniyarsa ba ta wuce tabkuna uku ba bai ƙaru da komai daga dubban murabba'in kilomita na zurfin teku ba. Shi ya sa nassin Montiriyal bai tsaya kan adadi kaɗai ba. Ya ce wuraren su kasance masu muhimmanci ga halittu, su wakilci kowane irin muhalli, su kasance haɗe da juna, a tafiyar da su bisa adalci, a kuma mutunta haƙƙin mutanen da ke zaune a wurin. Waɗannan sharuɗɗa ne kan faɗi a hanya in ana ba da labari, a bar adadin shi kaɗai.

Killace gaɓa kuwa ya fi killace zurfin teku wuya, saboda a gaɓa mutane suke. Tsitsikamma, gaɓar da aka killace a kudancin Afirka ta Kudu tun 1964, ita ce mafi daɗewa a irin waɗannan wurare a Afirka. An kai lokacin da aka hana kamun kifi gaba ɗaya a cikinta, mazauna kusa kuma suka yi ta kukan cewa an raba su da tekun da kakanninsu suka ci daga gare ta ba tare da an tambaye su ba. A Disamba 2016 gwamnati ta buɗe kashi 20 cikin 100 na gaɓar ga masu fatsa na yankin da suka yi rajista. Masana da dama suka yi adawa, suna cewa kifayen da ke zaune wuri ɗaya masu jinkirin girma na iya ƙarewa cikin ɗan lokaci bayan an kwashe shekaru ana tara su. A wani wurin, Dwesa-Cwebe, babbar kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta soke hukuncin da aka yi wa wasu masunta a 2018, bisa hujjar cewa suna da haƙƙin su na gargajiya wanda doka ba ta shafe ba. Kowane ɓangare na da gaskiya a abin da ya riƙe. Masana sun yi daidai cewa halittar da ba ta yawo ba ta da wurin gudu. Mutanen gari sun yi daidai cewa iyakar da aka shata ba da saninsu ba sai da ɗan sanda take tsayawa, kuma ɗan sanda ba ya kwana a bakin ruwa.

## Abin da ya shafi mutanen Damagaram

Na farko, kashi 30 ɗin buri ne na duniya baki ɗaya. Ba doka ba ce da ke aiki kai tsaye a kan gonar wani ko komar wani, kuma ba a ce kowace jaha ta yanke sulusin ƙasarta ba. Kifin ƙanƙara da ake kawowa daga teku ana sayarwa a cikin gari shi ma ba daga kududdufan duwatsu yake fitowa ba, don haka kare kifin dutse ba ya taɓa farashinsa.

Inda maganar ta taɓa mu shi ne wajen zaɓen wuri, kuma mun riga mun ga misali a gida. A 2012 aka kafa gandun Termit da Tin Tumma, mai faɗin wajen murabba'in kilomita 97,000, wanda ya ratsa jahohin Damagaram, Diffa da Agadas. A nan mena ke da ɗaya daga mafakarta ta ƙarshe, haka ma adaks, farar dabbar sahara mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda ƙidayar 2016 ta ga guda uku kacal. A 2019 gwamnati ta sake shata iyakar, ta cire babban sashe na gabas wanda ya haɗu da filayen man Agadem, ta ƙara fili ta wani gefen. Hujjarta ita ce yarjejeniyar haƙar mai da aka ƙulla a 2008 ta riga gandun, kuma daga can matatar da ke kusa da Zinder ke samun ɗanyen mai tun 2011, abin da ƙasa ba za ta yi wasa da shi ba. Masu kare namun daji suka amsa cewa sashen da aka cire shi ne ainihin inda adaks ke kiwo, filin da aka ƙara kuwa ba nata ba ne. A takarda faɗin bai ragu sosai ba, amma dabbar da aka yi gandun dominta ta koma wajen layi. A 2021 aka sake gyara iyakar.

Ga tabkuna ma haka. Tabkin Lasuri ya shiga jerin Ramsar a 2005, na Gidimuni a 2019. Shiga wannan jeri ba ya nufin hana su ko noman rani, domin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971, kan amfani da hankali ta ginu. Gidimuni ɗan ƙarami ne, in aka sa shi a lissafin kashi 30 na ƙasa mai murabba'in kilomita 1,267,000 ko gani ba za a yi ba. Amma a yankin da ruwa mai kwana shekara ya yi ƙaranci, kifi da tsuntsu da mai lambun dabino duk a kansa suke. Kuma kifin tabkin da ba shi da mahaɗa da kogi yana cikin halin da kifin Bot ke ciki. Gaiwa na iya shiga laka ta naɗe kanta ta jira damina. Karfasa da sauran ƙananan kifaye ba su da wannan dabara. In tabki ya ƙafe, ko aka zuba masa guba, ko rairayi ya cike shi, ko kacalla ta shaƙe shi, ba su dawowa sai ambaliya ta haɗa shi da wani ruwan ko mutum ya ɗauko iri ya zuba.

Saboda haka abin da masunci zai fi cin karo da shi ba kora ba ce. Ƙa'idoji ne irin waɗanda ma'aikatan gandun daji suka saba kawowa: watannin da za a ɗaga wa ruwa ƙafa bayan an zuba iri, girman idon koma, hana su da gidan sauro ko da maganin ƙwari, ware wani lungu mai ciyawa inda ba a jefa taru. Ɗaukar waɗannan na da ciwo a shekarar farko ga wanda cefanen gidansa na rana daga ruwan yake fitowa, kuma duk tsarin da bai yi lissafin wannan ba takarda ce kawai. Mai lambu zai iya fuskantar magana kan yawan injinan jan ruwa da nisan shuka daga bakin tabki. Zuba tarwada, wanda ke kawo kuɗi da wuri, na bukatar a duba tabkin da za a zuba, domin tarwada na cin ƙananan kifayen da ta tarar. A wuraren da akwai sarkin ruwa da ƙungiyar masunta masu faɗa a ji, irin waɗannan ƙa'idoji sun fi samun gindin zama, tun da hana su na wani lokaci ba baƙon abu ba ne a al'adar masuntan Hausa.

Bayan Montiriyal an buƙaci kowace ƙasa ta sabunta tsarinta na ƙasa kan kare halittu, an kuma duba inda aka kwana a taron Kali na ƙasar Kolombiya a Oktoba 2024. A cikin wannan tsari na ƙasa, da dokokin da ke biyo bayansa, ake rubuta sunayen wurare, da inda layi zai bi, da abin da aka halatta a ciki, da wanda zai zauna a kwamitin kula. Nan ne magajin gari da hakimi da wakilan masunta da na makiyaya ke da damar sa baki, kafin a buga taswira.